Gogen da Ban Yanke Ba

Sana'ata saye da sayarwa. Na fara da fatu a kasuwar Kore Mairuwa, na koma buhunan wake, daga baya na lura biki da taro ba sa ƙarewa a Dogon Dutsi, sai na tara kujerun roba da rumfuna da lasifika da injin wuta ina ba da haya. In mutum ya kawo mini kaya, kafin ya kwance bakin buhu na san ko akwai algus a ƙasa. Wannan idon ne ya ciyar da gidana. Ranar da ya ƙi yi mini aiki kuwa, a kan ɗiyata ta fari ne.

A babban hutun damina ƴan lakwal, wato ƴan makarantar boko, kan dawo gari, na Dosso da na Yamai, su haɗu da na gida su shirya mako guda na wasanni. Shekarar da nake magana, wani mushe mai koyar da Faransanci ne ke jan ragamarsu, shi ya zo ya ɗauki kayana. Ba na barin injina a hannun kowa, don haka duk makon nan ina can.

Na ga abubuwa. Wasu samari sun hau dandamali da wanduna a zazzage suna magana da sauri kan kiɗa, rabi Hausa rabi Faransanci, ƴan mata na ihu. Ban kama ko kalma goma ba, amma an ce yabon iyaye suke. Wani mai barkwanci ya kwaikwayi dillalin awaki yana rantsuwa akuya ba ta taɓa tari ba, jama'a suka juyo suna kallona suna dariya, ni da ban taɓa dillancin awaki ba. A wani aji kuma an rataye zane-zane a bango. Na tsaya gaban wani, ja da baƙi da ɗigo-ɗigo, mai zanen ya ce dutsen garinmu ne. Na leƙa ta taga, ga dutsen can a tsaye inda na san shi, na sake duban zanen. Na ce nawa? Ya ce ba na sayarwa ba ne. Na ce to me ya sa aka baje shi? Ya yi mini bayani mai tsawo, na gyaɗa kai na fito ban fi yadda na shiga ba.

Ranar ƙarshe aka ajiye wa wasan kwaikwayo, wanda suke kira teyatur. A bakin uwarta na ji ɗiyar tawa tana ciki. Ita ba za ta gaya mini ba, ni ma ba zan tambaye ta ba. Ɗiyar fari ce, akwai kunya tsakaninmu. Tun da aka haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ita ta goye ta, a ɗakinta ta girma. Gwaggo mutuniyar wajen Lugu ce, ta tashi cikin gidan masu iskoki, ko da yake tun da ta dawo wurina ban ga tana komai ba sai sallarta da carbinta. Ni a kasuwa da masallaci na tashi, wancan sha'ani ban san kansa ba.

Labarin wasan na ban dariya ne. Wata mata ce take ƙaryar doguwa, aljanar nan ta bori, ta hau ta don mijinta ya saya mata zane da rago. Za ta faɗi tana birgima, miji ya yi ta alkawari, sai wani ya jefo igiya ya ce maciji, ita kuma ta zabura ta ruga, asirinta ya tonu. Ɗiyata ce matar. Duk gwajin da suka yi, da faranti suke yin kiɗan. Ranar wasa mushe ya ce yana son abu ya yi kama da gaske, ya aika wajen Gecheme aka ɗauko wani tsoho mai goge.

A gabana suka yi magana. Mushe ya ce, "Baba, ba na gaske muke so ba. Ka yi muna wani abu mai kama da shi kawai."

Tsohon yana shafa ƙaro a izgar gogensa bai ɗago ba. Ya ce, "Mai kama da shi? Wanga ban koye shi ba."

Mushe ya yi dariya, ya ɗauka raha ce, ya wuce. Ni ma ban sa abin a raina ba. Damuwata a lokacin ita ce wayar makirfo. Gajera ce, ba ta kai dandamali ba, ga hadari yana haɗowa ta gabas, ba zan fitar da na'urata fili ba. Sai na zaunar da tsohon kusa da ni, ƙarƙashin rumfa, can gefen jama'a. Daga nan goge ba zai kai kunnen masu wasa ba sai ta lasifika, makunnin lasifikar kuwa yana gabana a kan tebur.

Bayan la'asar aka fara. Wuri ya cika, kujeruna sun ƙare, mutane a tsaye har kan katanga. Maƙwabcina na shago ya zo ya zauna dama da ni. Matashi ne mai sayar da kayan babur, cikin masu ɗage wando da tsayawa kan sunna, mutumin kirki, ba ya zuwa irin wannan taro. Ya ce ya ji wasan na tona ƙaryar ƴan bori ne, shi ya kawo shi. Gwaggo kuma tana layin gaba cikin mata, ta zo ganin ɗiyarta.

Da yarinyar ta fito na sunkuyar da kai ina gyara wata waya da ba ta lalace ba. Amma ina ji. Ta iya. Yadda take juya mijin nan da baki, mata har suna guɗa. Aka zo wurin faɗuwa, mushe ya ɗaga wa tsohon hannu, tsohon ya ja goge.

Ban san kiɗa ba, amma na san lokacin da wuri ya canza. Tsofaffin da ke zaune suka daina dariya, yara da samari suka ci gaba. Ta faɗi, ta yi birgima, mijin wasa ya yi alkawarin zane, ya yi na rago. Aka jefo igiya aka ce, "Maciji!"

Ba ta tashi ba.

Jama'a suka kwashe da dariya, sun ɗauka cikin shirin ne. Mai igiyar ya ɗauke ta ya sake jefawa, har ta faɗa kan ƙafarta, ya ƙara ihu. Yarinyar ta zauna ta miƙe ƙafafu, kanta na lilo, ɗankwali ya faɗi ba ta damu ba. Ta yi wata magana da murya mai kauri da ban san ta da ita ba. To ai masu wasa suna sauya murya, ɗazu ma na ji wani yaro ya yi ta tsohuwa. Na dubi mushe, na ga yana murmushi yana share gumi a lokaci guda. Na kasa karanta fuskarsa. Na zuba wa yarinyar ido yadda nake zuba wa fata in ga ko an ɓoye huda. Ban ga komai ba. In wasa take, ta fi duk wanda na taɓa gani. In ba wasa take ba, ɗiyata ce zaune a ƙasa gaban gari, ana yi mata tafi.

Da wani uban ne, da ya hau ya girgiza ta ya kira sunanta. Ni kuwa ina nan bakin teburina. Bakina bai taɓa furta sunan nan ba, bai san hanyar fitarsa ba.

Maƙwabcina ya kama hannuna. "Alhaji, wanga ba wasa ba ne kuma. Kashe na'urar nan! Kiɗan ne ke riƙe da ita."

Na ɗora yatsa a kan makunni. Sai ga gwaggo ta ratso mutane, ita da ba ta tafiya sai da sanda, ta bar sandar a baya. Ta tsaya gaban teburin tana haki.

"Kak ka yanke," in ji ta.

"Inna, ki ji tsoron Allah," in ji maƙwabcina. "Shaiɗan ake kira ma yarinya kina gani."

Ba ta ko dube shi ba, ni take kallo. "Taken doguwar gidanmu na. Ta uwata. Ba a kiran baƙo a rufe mai ƙofa ta baya. In ka yanke tsaka, ta ina za ta koma? Bari shi kai ƙarshe shi sallame ta."

"Alhaji, kowane minti ƙara mata yake."

"Gwaggo, kin tabbata ba wasa take ba?" na ce.

"Ni na ce maka na tabbata? Na ce kak ka yanke."

Na juya ga tsohon mai goge ko zai ba ni wata alama. Idonsa a rufe, hannunsa na tafiya. Mushe ya iso shi ma, ya ce mini da Faransanci in kwantar da hankali, wai yarinyar tana da baiwa, ƙari take yi daga kanta. 

Kowannensu na yi mini magana kamar ya san kayan da ke cikin buhun. Na san maƙwabcina ba ya ƙarya, na san gwaggo ta fi ni son yarinyar. A kasuwa in kai ya ɗaure mini, abin da nake tambayar kaina shi ne wane kuskure ne ake iya gyarawa. In na bari kiɗa ya tafi, ko yaushe ina iya kashewa. In na kashe tsohon ya ajiye gogensa jama'a suka watse, ban san yadda ake mayar da shi daidai inda aka yanke ba. Iyakar hikimata ke nan a ranar, ba wani ilimi ba ne. Na janye yatsa.

Na ce wa maƙwabcina, "Kai karanta duk abin da ka sani. Shi kuma shi ja gogenai."

Ya dube ni kamar zai yi musu, sai ya fara Ayatul Kursiyyu a bayyane. Ni ma na bi shi a zuci. Haka muka tsaya, karatu a dama, goge a hagu, gwaggo ta dafa teburina da hannu biyu, iska ta fara kaɗa rumfa.

Can kiɗan ya sauya, ya yi sanyi, ya ja baya kamar mai rakiya. Yarinyar ta daina lilo. Ta yi atishawa mai ƙarfi. Ta dubi ƙafarta, ta ga igiya, ta ƙwalla ƙara, "Maciji!" ta zabura ta ruga bayan labule. Wurin ya ɗauki ihu da tafi, wasu har da hawa kan kujeruna. Tsohon ya sauke gogensa ya nemi ruwan sha. Gwaggo ta shiga tambayar wa ya ga sandarta. Kafin mu gama naɗe wayoyi ruwa ya sauko.

A gida yarinyar ta ci tuwonta ta yi wanke-wanke kamar kullum. Na aika uwarta ta tambaye ta. Amsar da ta dawo mini ita ce mushe ya ce in mutane na dariya kada a yi gaggawar tashi. Atishawar fa? Ƙurar tabarma ce. Na tare mushe da ya zo mayar da kujeru. Ya ce ya taɓa faɗa musu maganar jinkirta tashin, amma ba a kan wannan wurin ba, kuma muryar nan ba shi ya koya mata ba. Maƙwabcina har gobe yana kan cewa karatu ne ya tashe ta, kuma da na kashe tun farko da ba a kai haka ba. Gwaggo ba ta ƙara tada maganar ba. Na dai ga baƙar kaza ɗaure a bayan ɗakinta kwana biyu, daga baya ban gan ta ba, kuma ba a miyarmu ta shiga ba. Ban tambaya ba.

Sau ɗaya na gwada da kaina. Ta kawo mini abinci shago, ina duban titi na ce, "Wancan wasan naku ya yi tsawo."

Ta ajiye kwano ta ce, "Ka kalla ashe, Baba? Na ɗauka waya kake gyarawa."

Ta yi ƴar dariya ta fita. Na bi bayanta da ido, idon nan da nake taƙama da shi, bai gaya mini komai ba.

Tana nan lafiya, ta gama karatunta, tana koyarwa a wata lakwal wajen Tibiri, har ita ke shirya wa yara wasa yanzu. Abin bai sake faruwa ba, ko kuma ba a sake kiɗa mata taken ba, ban san wanne ba ne. Gwaggo ta rasu da abin da ta sani.

Ni dai mako bai zagayo ba na aika Dosso aka sayo mini waya doguwa, wadda ke kaiwa dandamali har ta yi saura. Duk mai kiɗan da za a kawo, can yake zama kusa da masu wasa, inda za su ji shi ko da wuta ko babu. Har yanzu ina ba su haya kowace damina, ina zama kusa da na'urata. In an zo wurin goge sai in tashi in je duba man injin.