Rubutun Da Bai Karanta Mini Ba

Ni ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa. 'Yata ce ke riƙe da alƙalami, ni ina faɗa, in kuka ya zo mu dakata.

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, shi ne idona a Landan. Lambar bas, takardar magani, rubutun jikin gwangwani ko akwai alade a ciki, duk shi ke karanta mini. Tun kafin aurenmu gwamnatin ƙasarmu ta tura shi Kiyef, a ƙasar Yukren ta Tarayyar Sobiyat, ya karanci likitancin dabbobi. Da muka zo nan ya sami aikin duba nama a mayanka, muka zauna a gidan kansil, irin na hayar gwamnati, a unguwar Edmonton.

Bayan Tarayyar Sobiyat ta watse, wata Asabar da hantsi ya ce in shirya, za mu silima.

Na ce, "Silima, Malam? Da furfurarka?"

Ya ce, "A ka take, Hajiya, ba a ido ba. Ɗauko mayafinki."

A cikin bas ya ba ni labarin wata tsohuwa mai share masaukin ɗalibai a Kiyef. In gutsuren burodi ya faɗi ƙasa sai ta ɗauka ta sumbace shi, ta cusa a aljihu. Ya taɓa tambayarta dalili, ta waiwaya hagu da dama, ta ɗora yatsa a baki. Ya ce an yi wata yunwa a ƙasar tun kafin a haife mu, hukuma ta hana ko ambatonta, sai yanzu mutanensu suka fara saka ta a fim.

"Yau zan ji abin da ta ƙi faɗa mini," in ji shi.

Ɗakin siliman ƙarami ne, a ƙarƙashin ƙasa, cike da tsofaffin Turawa da warin jiƙaƙƙun kwat. Fim ɗin ba launi, ba rawa ba waƙa irin na Indiya. Suna magana da yarensu, Turanci na fitowa a rubuce daga ƙasan allo. Malam ya matso da bakinsa kunnena. Rubutu na bayyana, shi yana raɗa mini da Hausa.

Na ga ƙauye da gonakin alkama. Na ga maza da bindigogi sun zo da dogayen ƙarafa suna caccaka ƙasa, suna caccaka bango, har ƙarƙashin gadon jariri, suna neman hatsin da aka ɓoye. Na tuna shekarar fari a garinmu, da na ga mata suna tonon gidan tururuwa don tsabar gero. Amma mu ruwa ne ya ƙi sauka. Su mutane ne suka zo suka kwashe.

Na ce, "Malam, mu tafi, tsoro nake ji."

"Wasa ne fa, ke. Waccan gawar anjima za ta tashi ta sha shayi."

Irin fim ɗin nan yana da dogon shiru. Sai a nuna doki tsaye cikin ƙanƙara, a bar ka da shi har ka gaji. A nuna ƙofa a buɗe, ba mai shiga ba mai fita. In ba magana ba rubutu, in ba rubutu Malam ba ya cewa komai. Don haka da ya yi shiru ban damu ba. Na ji kansa ya kwanto kafaɗata, abin da bai taɓa yi cikin mutane ba, har na ji kunya. Na ce a raina, ka ja ni kallo ka ɓige da barci.

Can wata uwa ta fito, ƙashi da fata, ta dubo mu kai tsaye kamar ta san muna zaune, ta fara magana. Rubutu ya fito. Ya ɓace, wani ya fito. Kunnena na jira.

"Malam, me ta ce?"

Na sake tambayarsa.

Na mintsine shi. Na ɗaga hannunsa, ya faɗo cinyata kamar ba nasa ba. Na taɓa mayafina na ji shi jiƙe da yawu. Ɗan Turancin da na tsinta a kasuwa duk ya gudu, salati kawai nake yi da ƙarfi cikin duhu, matar nan kuma tana ta magana a kaina.

Wata tsohuwar Baturiya da ke gefena, wadda tun farko take share hawaye, ita ta gane. Ta miƙe ta daka tsawa aka kunna fitila. Kafin motar asibiti ta zo ta riƙe hannuwana biyu, tana faɗin abin da ban ji ba. Da za a fita da shi ta buɗe jakarta, ta danƙa mini gutsuren burodi a naɗe cikin hankici.

Likitoci suka ce jini ne ya hau masa kai, ɓarin jiki ya shanye. Ya rayu har ƙarshen sanyin shekarar, amma magana ba ta dawo ba. In na kawo masa magani sai ya dubi rubutun kwalbar, ya dube ni, leɓensa na motsi, hawaye na bin gefen da ya mutu.

Bayan na fita takaba 'yata ta ce za ta nemo fim ɗin a kaset, ta karanta mini abin da matar ta ce. Yanzu ma da muke zaune ta sake tambayata. Na ce mata a'a. Har yau in na ga rubutu a ƙasan talabijin, kunnena na dama yakan karkata da kansa, in tsaya ina jira.