Muryar Baba a Whitechapel

Muna idar da sallar asuba muka kama hanyar filin jirgin Kano, ni da mai ɗakina, jakarmu cike da kuka da daddawa da yaji. Abu ɗaya ya fitar da ni: in dawo da yayana gida. Ya haura shekara arba'in a Landan, ciwon sukari ya cinye idonsa, yanzu kuma mantuwa ta soma kama shi. Dangi suka ce gara ya ƙarasa kwanansa a cikinmu, in ta Allah ta kasance a kwantar da shi kusa da mahaifinmu.

Mun sauka cikin yayyafi, sama kamar an shafa mata toka. 'Yarsa, ma'aikaciyar jinya, haifaffiyar can, ita ta tarye mu ta sa mu a jirgin ƙarƙashin ƙasa. Mutane maƙil, amma babu mai cewa uffan, kowa ya toshe kunne da waya. Na rubuta sunan tasharmu da ajami a tafin hannuna don gudun ɓata. Kafin mu isa, gumi ya wanke rabin Whitechapel ɗin. Da muka fito sai ga rumfunan kasuwa jere a bakin titi, da ƙamshin soyayyen kifi, da masallaci babba. Na tambayi kuɗin kuɓewa, na mayar da shi naira a zuci, na ajiye ta a hankali kamar ƙwai.

Yaya yana hawa na huɗu a wani gidan council, irin na haya na gwamnati, zaune bakin tagar da ba ya ganin komai ta cikinta. Na yi sallama, bai amsa ba, kunnensa na kan wata 'yar na'ura. Daga cikinta ake jin ƙarar ƙarfe, da gudu, da Turawa suna ihu.

'Yarsa ta yi min bayani. Tun zuwansa karatu yake bin wani wasan talabijin na wani matafiyi mai ratsa taurari da zamunna. Da ido ya tafi, sai ta gano ana yin wasan na saurare zalla, irin wasan kwaikwayonmu na rediyo, kuma tsofaffin 'yan wasan ne ake kirawo su yi. Fuska ta tsufa, murya tana nan. Waɗanda suka mutu kuwa, sai a samo mai kwaikwayon muryarsu.

“Amma Baffa, ba a iya yi masa wayo,” in ji ta. “In na yi playing na mai kwaikwayon, sai ya ce a kashe, wannan ba shi ba ne.”

Na zauna na saurara tare da shi kwana da kwanaki, ban fahimci komai ba sai iska da ƙofofi. Shi kuwa yana murmushi, yana rigan su faɗin magana. Mun je unguwar Peckham a bas mun sayo busasshen kifi, mai ɗakina ta yi masa miyar kuka. Ya ci, ya yi hamdala, bai tambayi wanda ya kawo ba. Da na ɗauko zancen tafiya, 'yarsa ta yi ta kuka a kicin. Ta ce likitocinsa suna nan, ita ma tana nan, ba ta da kowa sai shi.

Ranar Juma'a bayan la'asar na zauna kusa da shi ina karatu a hankali. Sai ya miƙa hannu ya kashe na'urar da kansa, ya gyara zama, ya sunkuyar da kai.

“Baba, kai ne?”

An daɗe ana ce min muryata ta koma ta marigayi mahaifinmu, musamman in ina karatu.

“Baba, in dawo gida ne? In ka ce in dawo, yau zan haɗa kaya.”

Abin da na tsallako teku dominsa ke nan, an ɗora min a hannu. Kalma ɗaya ta isa, domin Yaya bai taɓa musa wa Baba ba. 'Yarsa tana tsaye a ƙofa da kofin shayi, ta zuba min ido. Mutumin da ba a taɓa ruɗarsa da muryar aro ba, yau tawa ta ruɗe shi.

Na ce, “Yaya, ni ne, ƙaninka. Baba ya rasu tuntuni, Allah ya ji ƙansa.”

Ya ce amin. Sannan ya laluba na'urarsa ya kunna, Turawan suka ci gaba da gudu.

Mun dawo Kano mu biyu kamar yadda muka tafi. Dangi suka cika zaure suna tambayar ina yake, na ce yana hannun 'yarsa, kuma hannun kirki ne. Wasu har yau suna ganin na yi sakaci. Abin da na koyo shi ne ana iya aron muryar mamaci a yi wasa da ita, amma ba a yanke wa rayayye hukunci da ita. Washegari na je maƙabarta na yi wa Baba addu'a, na daɗe ina duban filin da ke gefensa.