Sorin da na kai Abuja

Ana sallame sallar asuba muka bar Zariya, ni da ƙanwata, da ƙullin daddawa da kuka a ƙarƙashin kujera. Ba yawon ganin gari ya fitar da ni ba. 'Yata ta fari, wadda ke aikin gwamnati a Abuja, wata takwas ke nan ba na samun komai daga wurinta sai gaisuwar Juma'a a tsaitsaye, tun ranar da na ce tuwonta da gudaji a gaban dangin mijinta. Da gudajin kuwa. Amma ƙanwata ta ce wurin faɗar ne bai dace ba, in je in gyara. Ni kuma ban san ta inda uwa ke ba 'yar fari haƙuri ba, wadda ko sunanta ba na kamawa.

A hanya na fara lura da wata kalmar Turanci, sori. Direba ya afka rami har kaina ya bugi rufin mota, ya ce sori, bai rage gudu ba. A Zuba muka tsaya sayen kankana, an sa mata kuɗi kamar da zuma aka yi mata ban-ruwa. Mai baro ya taka min ƙafa, sori. Na yi atishawa, wata mata da ban taɓa gani ba ta ce sori, na ce mata ba ita ta sa ni ba. Mai gadin unguwar su 'yata ya shanya mu a rana sai an kira oga, da sori a bakinsa, ƙofa kuwa a garƙame.

Na tambayi surukina. Ya ce tana zama ban haƙuri, tana zama sannu, har ta'aziyya ana yi da ita. Na ce ashe ludayin gidan biki ce, kowace tukunya sai ta shiga.

Kwana uku 'yata na yi min hidima kamar baƙuwa: ga abinci, ga ruwa, ba hira. Rana ta huɗu ta tuƙa tuwo, ta ajiye ba ta dube ni ba. Na gutsura, sumul. Na ga in "ki yafe ni" ta fi ƙarfin bakina, ai ga wadda ko mai baro ke rabawa kyauta.

"Ke," na ce. "Sori."

Ta tsaya da mara a hannu. "Inna, na tuwon nan ne, ko sannu da aiki kike min?"

"Kar ki ja ni. Guda ɗaya na zo da ita."

Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, tana share ido da gefen mayafi. Hira ta ɓarke har la'asar ta kusa kuɓuce mana.

Mun dawo gida lafiya, kafin mu wuce Kaduna 'yata ta kira ni a waya sau uku. Abin da na koyo: sori ba ta da tsada a Abuja, amma a bakin wanda bai saba ba guda ɗaya ma tana gyara gida. Maganar gudaji dai ban janye ba.