Takun Kunkuru da Lambun Kaka Saratu

A gidanmu na Samaru, Kaka Saratu ba ta fara tatsuniya sai an kwashe tuwo, an tura masara cikin garwashi. Ni a gaba nake zama, don a lokacin cikina ya ninka kaina girma, kuma duk masarar da ta fara fashewa tawa ce.

Wata shekara kaka ta cika fam. Maƙwabcinmu Baba Dogo, wanda in ya miƙe tsaye tsuntsaye ke canja hanya, ya ce a sake auna iyakar lambunansu na bayan gida. A unguwarmu da taku ake awo, kowa taku ashirin. Ya auna nasa da ƙafarsa, ita kuma ya ce ta taka nata, tsohuwa mai ciwon gwiwa. Rabin kunyoyin kuɓewarta suka koma nasa.

Da yammar nan ta juya kujerarta ta fuskanci zanarsa, ta ɗaga murya kamar mai talla a kasuwar Sabon Gari. "Ga ta nan tafe, ku matso, har da masu kunne a bayan zana."

Wai raƙumin dawa da kunkuru suka raba fadama, kowa da takunsa. Raƙumin dawa ya kwashe har bakin rafi, kunkuru ya samu wurin da in zai kwanta sai ya mayar da wuya ciki. Da fari ya zo, rafi ya ƙafe, kunkuru ya gano wani tafki a bayan duwatsu. Raƙumin dawa, harshe a waje, ya tambaye shi nisan ruwan. Kunkuru ya ce taku dubu sau dubu ne, shi ya ƙirga da kansa. Gogan ya dubi ƙafafunsa, ya lissafa, ya ga ai wannan ya wuce ƙarshen duniya. Ya kwanta nan. Ungulaye suka ƙarasa masa lissafin.

Na ce ai kunkuru ya yi ƙarya. Kaka ta ce, "Kai, mai tumbi, ƙarya a ina? An tambaye shi takun wa?"

Da damina ta kankama, ruwa ya cika gidan Baba Dogo har tukwanensa na iyo. Ba mafita sai an haƙa magudana ta lambun kaka. Ya zo da hula a hannu, yana Mama kaza, Mama kaza, faɗin taku uku kawai yake roƙo.

"Na ba ka, Dogo," in ji ta. Ta kamo ɗan tsako, ta barbaɗa masa tsaki, ta ƙirga wa Dogo taku uku na tsakon. Faɗin bai kai cokali ba. Sai da ya mayar mata da kunyoyinta, da kuɓewar da ke kansu, sannan ta bari ya taka da tasa ƙafar.

Kwanan baya 'yata ta zo da aikin makaranta, wai megamita ɗaya kilomita dubu ne. Na ce a takun Baba Dogo bai fi bakwai ba. Ta ce mita ba ta da ƙafa, iri ɗaya ce ga kowa. Na gane don irinsa aka ƙirƙiro ta. Adalci ne, na yarda. Amma da mita ce a unguwarmu, da ban taɓa ganin ƙato ya durƙusa yana lallashin ɗan tsako ya buɗe ƙafa ba.