Na'ibi Mai Igiya a Kogin Nilu

A tashar jiragen ruwa ta Jidda, in ka ce kana neman Na'ibi Hussaini, sai an tsaya ana tunani. Amma in ka ce Na'ibi mai igiya, ko ɗan Yaman da ke sayar da shayi a bakin ƙofa zai nuna maka shi. Mutumin Mai'aduwa ne, can ƙasar Daura. Ya zo aikin hajji a ƙarshen 1975 yana da shekara ashirin da uku, da jaka ɗaya da sunan wani kawunsa da ke zaune a unguwar Hindawiyya, kuma bai koma ba. A lokacin jirage sun yi cunkoso a bakin tashar, wani sai ya yi wata biyu a layi kafin a sauke masa kaya, don haka mai ƙarfi a jika ba ya rasa abin yi. Da dakon siminti ya fara. Bayan shekara biyu wani kamfani mai aikin ɗaure jirage ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa a wurin hukuma, aka yi masa iƙama, takardar zama a ƙasar.

Aikin nasa shi ne tsayawa a bakin gaɓa idan jirgi ya matso. A jefo siririyar igiya ya cafe, su haɗu su jawo babbar mai kaurin cinya, su rataya ta a turken ƙarfe. A wurin wani tsohon Basudane ya koyi yadda ake saƙa igiyar da ta tsinke har ta koma ɗaya. Ya kuma ga abin da igiya ke yi in ta tsinke tana ɗauke da nauyi, domin a gabansa wata ta dawo ta kakkarya ƙafafun abokin aikinsa Rafi'u a 1983. Shekara talatin da ɗaya yana tarbar jirage yana sallamarsu, amma bai taɓa shiga ko ɗaya a matsayin fasinja ba. A 2008 gwiwa ta hana shi tsayuwar gaɓa, kamfanin ya mayar da shi sito, yana kula da igiyoyi da sarƙoƙi.

Matarsa Mastura haifaffiyar Jidda ce, kakanninta ne suka zo a ƙafa ta Sudan. Hausarta rabi Larabci ce. 'Yarsu Zakiya tana aiki a sashen mata na wani ofishin sayar da tikiti a unguwar Aziziyya, kuma ita ce ta shigo gida wata Alhamis da takarda mai hoton jirgi fari a kan kogi.

"Baba, ga abin da za ku yi da hutunka. Kwana huɗu a Kogin Nilu, daga Uƙsur zuwa Aswan. Mai araha ne, don ba irin na masu kuɗi ba ne."

Na'ibi ya ce, "Ni da na tsufa a bakin ruwa za a kai kallon ruwa?"

"A bakinsa ka tsufa, ba a kansa ba," in ji Zakiya.

Ya ɗauka Mastura ce za ta kashe maganar. Tun da wani jirgin fasinja ya nutse a Bahar Maliya shekaru kaɗan kafin nan, ko Kurnish, wurin shaƙatawa na bakin teku, aka je shan iska ba ta matsawa kusa da ruwa. Ta karɓi takardar ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambayi Zakiya ko ana ganin gaɓa daga cikin jirgin. Zakiya ta ce ana gani, hagu da dama.

"Halas, shi ke nan," in ji Mastura. "Abu Zakiya, ka je wurin kafili ya yi maka takardar fita da dawowa. Za mu je."

Suka sauka a Uƙsur a jirgin sama cikin watan Janairu na 2009. Abin da ba wanda ya gaya musu shi ne sanyi. Mutumin Jidda in ya ce hunturu, yana nufin an kashe na'urar sanyaya ɗaki an buɗe taga. Na'ibi ya fito filin jirgi da farar jallabiya mai shara-shara da silifa, iska ta buge shi har haƙoransa suka fara haɗuwa. Kafin su nemi jirgin ruwansu sai da suka shiga kasuwa, ya sayi jallabiyar ulu mai ruwan toka da mayafin wuya, ita kuma ta sayi bargo ta yafa a kan abayarta, kuma ba ta rabu da shi ba har ƙarshen tafiyar.

Jirgin bai yi kama da na takardar ba. Sai da suka ratsa ta cikin manyan jirage uku masu sheƙi kafin su kai gare shi, can a ƙarshen layi. Fentin sunansa ya ɓare, rabin haruffan kawai suka saura. Ɗakinsu yana can ƙasa kusa da inji, tagarsa daidai da fuskar ruwa, gado yana rawa duk lokacin da aka ƙara wuta. Fasinjojin kamar sittin ne: iyalai Misirawa da suka fito hutun makaranta, wasu 'yan kasuwa Sudanawa, da ɗalibai Turawa takwas masu manyan jakunkuna. Abinci kuwa wake da gurasa da safe, shinkafa da miyar kuɓewa da rana.

Duk da haka, da aka kwance jirgin ya ja baya daga gaɓa, Na'ibi ya riƙe ƙarfen bene da hannu biyu. Ya ga masu igiya a ƙasa suna raguwa a ido, suna juyawa suna komawa inuwa, kamar yadda shi ma ya saba yi. Bai taɓa tunanin haka suke bayyana daga sama ba. Mastura ta tambaye shi ko jiri yake ji, ya ce a'a.

Kwana biyun farko sun yi daɗi. Suna zama a benen sama cikin rana, suna kallon gonakin rake da dabino da ɓaunayen Misirawa suna shan ruwa. Abu ɗaya ne ya hana Na'ibi sakewa. Duk inda aka tsaya sai ya leƙa ya ga yadda ma'aikatan jirgin ke ɗauri, ya riƙa tsaki. Ya ga babbar igiyarsu a naɗe a bayan jirgin, rana ta cinye ta, wani wuri har ta yi gashi.

"Wannan igiyar ba za ta ja akuya ba," ya ce wa Mastura.

"Hutu muka zo, Abu Zakiya. Ba sitonka ba ne. Sha shayinka."

A rana ta uku bayan azahar, sun wuce Idfu, sai aka ji jirgin ya yi wata gurnani daga ƙasa. Kofuna suka zube, yara suka faɗi, sannan komai ya tsaya cak. Ruwan Nilu yana raguwa da hunturu, kuma gaban jirgin ya hau tudun yashi. Matuƙin jirgin, Rayyis Abdulgaffar, wani dattijo mai farin rawani, ya ba inji wuta baya har ruwa ya koma laka, jirgin bai motsa ba. Manyan jirage biyu suka zo suka wuce, fasinjojinsu suna ɗaukar hoto. Sai wajen la'asar wani jirgin dakon duwatsu ya yarda ya tsaya ya ja su.

Aka miƙa masa igiyar nan, aka ɗaura bakinta a turke ɗaya a bayan jirgi. Fasinjoji suka taru a wurin suna kallo, har da mata masu goyo. Na'ibi yana saukowa daga bene ya ji igiyar ta fara ƙara, wata siririyar ƙara da ya sani sarai, ya ga ruwa yana tsatsafowa daga jikinta. Ya manta da gwiwa. Ya kutsa cikin mutane yana ihu da muryar tasha, Larabci da Hausa a haɗe.

"Ku kauce! Barra, barra! Ku bar bayan igiya!"

Ya tura wani Bamisire mai ɗauke da 'yarsa a kafaɗa, ya fizgo wata Baturiya ta hannun jakarta. Mutane suka watse suna masifa, wani har ya ɗaga hannu zai kai masa duka. Ba a yi numfashi uku ba igiyar ta tsinke da ƙara kamar bindiga. Guntun ya dawo ya daki wurin da suke tsaye, ya farfasa kujerun roba biyu, ya lanƙwasa ƙarfen bene. Mai 'yar ya dubi kujerun, ya dubi Na'ibi, ya zauna a ƙasa ya rungume yarinyar.

Rayyis Abdulgaffar ya sauko da kansa. Ya ce, "Ya hajji, kai wane ne?"

"Mai ɗaure jirage ne a tashar Jidda. Shekara talatin da ɗaya."

"Ba mu da wata igiyar. Mai duwatsu kuma ya ce in rana ta faɗi zai tafi."

Na'ibi ya ɗaga guntun ya murza shi a hannu. Ya ce a yanke ruɓaɓɓen wurin, sauran da ƙarfinta. A ba shi wuƙa, da wani ƙarfe mai tsini, da mutum biyu masu jin magana. Ya zauna dirshan a kan katakon jirgi, ya warware bakin igiyoyin biyu, ya shiga saƙa su silli cikin silli. Iskar yamma ta taso, yatsunsa suka sandare har ƙarfen yana suɓuce masa. Bai ankara ba sai ga Mastura daga kicin da kwanon ruwan zafi. Ta ajiye a gefensa, yana tsoma hannu yana ci gaba, in ruwan ya huce ta koma ta sako wani. Minti arba'in ya gama. Ya sa ma'aikatan suka taka saƙar da ƙafa har ta kwanta.

Sannan ya nuna wa Rayyis cewa kada a sake ɗaurawa a turke ɗaya. A raba nauyin a turaku biyu, mai duwatsu kuma ya ja a hankali, kada ya fizga. Ya ce kuma sai an rage wa gaban jirgin nauyi: duk fasinjoji su hau benen sama su koma can baya, inda igiya ba za ta same su ba.

Nan aka sami matsala, don mutane sun tsorata, kowa ya shige ɗakinsa ya rufe. Mastura ce ta ɗaure bargonta a ƙugu ta bi ɗakunan tana buga ƙofa. "Yalla, ya jama'a, sama! Yalla!" Wanda bai ji Larabcin Hijaz ba ya ji hannunta. Ta kora Sudanawa, ta kora Turawa, har mai dafa abinci ta fito da shi da ludayi a hannu. Matar da ba ta matsawa kusa da ruwa a Kurnish, ga ta tsaye a ƙarshen bene tana jera mutum sittin kamar sahun salla.

Na'ibi ya tsaya a gefe inda Rayyis da mai duwatsu duk za su gan shi, ya ɗaga hannu. Igiyar ta miƙe, ta ɗaure, saƙar ta matse ta zauna daram. Ya riƙa juya hannu a hankali, a ƙara, a ƙara. Jirgin ya yi rawa. Aka ji yashi yana gurzar ƙasansa, sai ga bishiyoyin dabinon gaɓa sun fara tafiya. Benen sama ya kaure da kabbara da tafi, matan Misirawa suka rangaɗa guɗa, mai duwatsu ya danna ƙaho har sau uku. Na'ibi ya sauke hannunsa. Sai a lokacin gwiwar ta tuna masa da kanta, ya nemi turke ya zauna yana dariya.

Mai 'yar nan ya zo ya sumbaci kansa. Rayyis Abdulgaffar ya ce akwai ɗaki babba a sama da ba kowa, su kwashe kayansu su koma. Mastura ta je ta duba, ta dawo ta ce sun gode, amma ɗakin sama iska ce kawai a cikinsa, nasu na kusa da inji ya fi ko'ina ɗumi a jirgin. Washegari da hantsi Rayyis ya aiko aka kira Na'ibi ɗakin tuƙi. Ya zuba masa shayi, ya riƙa nuna masa yadda ake gane zurfi da launin ruwa, sannan a wani wuri mai faɗi ya matsa gefe ya ce Na'ibi ya kama sitiyarin. Na'ibi ya tuƙa jirgin kusan rabin sa'a, gumi yana keto masa duk da sanyin, har gine-ginen Aswan suka fara bayyana.

Da suka dawo Hindawiyya, abokinsa Ɗan'azumi mai ɗinki ya ce shi bai yarda ba, ai kowa ya je Masar da labari yake dawowa. Bayan wata ɗaya sai ga wasiƙa ta ofishin Zakiya daga ɗaya daga cikin ɗaliban nan, da hotuna shida a ciki. Ɗan'azumi ya sa tabarau ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan wanda Mastura ke tsaye da bargo a ƙugu tana nuna wa Turawa inda za su tsaya.

Hunturun da ya biyo baya, gida huɗu ne daga unguwar suka yi tafiyar, har da Ɗan'azumi da matarsa Zubaidatu, wadda ta ce in dai Mastura za ta je, ita ma ba abin da zai hana ta.