Sifilin da Na Rubuta wa Haboba

Edita, bayan sallama, ku ba ni fili in sauke wani kaya da na daɗe ina ɗauke da shi. Lokacin da abin nan ya faru ina 'yar shekara ashirin da huɗu, na gama karatun ilimin halayyar ɗan Adam a wata jami'a a Khartum, ina jin kaina ƙwarai. A Bahri aka haife ni. Kakannina Hausawa ne da suka taso daga ƙasar Haɗeja da niyyar aikin hajji, guzuri ya ƙare musu a Jazira, suka tsaya tsinkar auduga, tsayawar ta zama zama. A gida Hausa muke yi da Inna, amma da na hau bas na tsallake gada sai in naɗe ta in jefa a jaka. Na sha ganin 'yan ajinmu suna kwaikwayon maganar Hausawa masu sayar da agashe, wato tsire, ana dariya, ni kuwa ba na so a yi da ni. Don haka ba wanda ya san asalina, kuma ina alfahari da hakan.

Aikina na farko a hannun wata malamar jami'a ne, muna ce mata Daktora. Bincikenta a kan yadda shanyewar ɓarin jiki da sauran cututtukan ƙwaƙwalwa suke taɓa tunani da magana da tuna abu. Mace ce mai sanyin murya, ta yi shekaru tana karatu a waje. Takan ce mana ƙwaƙwalwa gida ce mai ɗakuna da yawa, cuta takan kulle ƙofa ɗaya ne, bai zama dole ta ƙone gidan ba. Ita take yi wa majinyaci tambayoyi, ni kuma ina gefe da takarda ina rubuta amsa, ina ba da maki. Ɗakin gwajin yana hawa na biyu a wani asibiti, tagarsa tana kallon kogi. Da hantsi hasken ruwa yakan hau silin yana rawa, fanka na juyawa a hankali, har mutum ya ji kamar a cikin kwale-kwale yake zaune. Ina son ɗakin nan. Akwai kuma wani ɗan'uwan aikina da yake zama kusa da ni, wanda nake son in burge shi fiye da kowa.

Wata Talata aka kawo wata tsohuwa daga Umdurman, lulluɓe da farin tob, mayafin matan Sudan, hannunta na dama a kwance bisa cinya. Matar ɗanta ce ta rako ta, tana ce mata Haboba, wato kaka. Ta yi bayani cewa wata biyu ke nan da tsohuwar ta faɗi, tun daga ranar Larabci ya bar bakinta, sai wani surutu da ba mai ganewa a gidan. Ta ce mijinta, wato ɗan tsohuwar, ya gama wa uwarsa shirin hajjin bana, fasfo da allura duk an yi, amma yana son takardar likita ya san ko hankalinta yana nan kafin ya sa ta a jirgin ruwa. Daktora ta matso, ta gaishe ta, ta tambaye ta da Larabci yau wace rana ce. Tsohuwa ta buɗe baki, harshenta da nauyi, ta ce Talata ce, da Hausa. Aka tambaye ta ina take, ta ce ɗakin magani ne a bakin kogi. Hausa ce tsohuwa, irin wadda kakata take yi, har na ji ƙamshin daddawar ɗakinta ya bugi hancina.

Daktora ta faɗa mata kalmomi uku ta riƙe: dabino, jirgi, fitila. Aka nuna mata makulli da agogo, ta faɗi sunansu daidai, duk da Hausa. Bayan 'yan mintoci aka ce ta tuno kalmomin nan. Ta ɗaga ido tana kallon hasken da ke rawa a silin, ta ce dabino na buɗa-baki, jirgi na zuwa Jidda, fitila kuwa ta uwarta ce da suka taho da ita tun daga gida. Ba ta rasa ko ɗaya ba. Ɗan'uwan aikina ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya kwaikwayi muryarta a hankali don ni kaɗai in ji. Daktora ta juyo ta tambaye mu ko wannan wani harshe ne, ko kuwa sautin da cutar ta bari ne kawai. Tsohuwar ta zuba mini ido. Na ce ban sani ba, ban taɓa jin irinsa ba. Na rubuta sifili a gaban kowace tambaya.

Na gaya wa kaina takarda ce kawai, za ta shiga cikin ɗaruruwan takardun bincike ta ɓace. Ashe ba haka ba ne. Daktora ta dogara da makina ta rubuta cewa tunanin tsohuwar ya taɓu sosai. Bayan wata uku matar ɗan ta dawo karɓar magani, daga bakinta na ji sauran labarin. Ɗan tsohuwar ya kai takardar wurin malamin unguwa, malam ya ce babu hajji a kan wanda hankalinsa ya gushe, a bar ta ta huta. Alhazai sun tafi har sun dawo. Ta ce ranar da maƙwabta suka tashi zuwa tashar jirgi, Haboba ta ɗaura ƙullinta ta zauna a bakin ƙofa tun safe har rana ta take, tana ta surutunta, su kuma suna lallashinta kamar yarinya.

Daga ranar nan na daina samun natsuwa. In bas ya hau gada, sai in ga farin tob yana tafiya a kan ruwa, can inda farin kogi da baƙin suke haɗuwa suna tafiya tare ba su gauraya ba. Sau biyu ina wuce tashata sai a kasuwar Suk al-Arabi in farga. Daga ƙarshe na faɗa wa Inna tana tsinke molokiya, wato ganyen lalo. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da na fi jin sauƙi. Ta ce in tuna ita ma tsufa yana jiranta, kuma wata rana wata yarinya mai takarda za ta zauna a gabanta. Washegari na je ofishin Daktora na faɗa mata komai, har da asalina. Ta ce shekara guda tana neman mai jin Hausa don binciken nan, ashe yana gefenta yana ɓoye. Ta ce in ɗauko sabuwar takarda mu tafi Umdurman.

Bayan la'asar muka sami Haboba a tsakar gida, kwance kan angarib, gadon igiya, a inuwar lemo. Na durƙusa na ce, sannu Kaka, ina wuni. Ta juyo a hankali ta kama hannuna da hannunta mai lafiya. Ta ce ai ta gane ni tun ranar nan, domin duk sanda ta faɗi kalma idona yakan amsa kafin in sunkuyar da kai. Na fashe da kuka ina neman gafara. Ta ce, ya bitti, wato 'yata, kar in kashe kaina da kuka, ita ma abin da ta yi ke nan. Tana 'yar shekara bakwai suka taso daga ƙasar Hausa za su hajji, iyayenta suka rasu a Jazira ba su ga Ka'aba ba. Ta yi aure cikin Larabawa, ta binne Hausarta don kar a goranta wa 'ya'yanta, ko kalma ɗaya ba ta koya musu ba. Ga shi, in ji ta, Allah ya karɓe harshen aro ya bar ta da nata, babu mai ji. Muka sake gwajin ina fassarawa, ta ci kusan duka. Ɗanta, mutum mai furfura, ya tsaya jikin bango yana share hawaye da rawaninsa, ya rantse baɗi da kansa zai kai ta.

Na riƙa zuwa kowace Juma'a. Muna shan jabana, wato kofi, tana ba ni labarin hanya: jakuna, rijiyoyin da suka ƙafe, tafkin da ta ɗauka shi ne tekun Jidda, da fitilar uwarta tana lilo a gaba. Tana magana ido a lumshe, har in rasa ko ni ce nake tafiyar ko ita. Kullum in zan tafi sai ta tambaye ni saura wata nawa a tafi hajji. Ta rasu cikin Sha'aban, ƙullinta yana ƙarƙashin matashi.

Yanzu na manyanta a aikin nan, kuma tambayar farko da nake yi wa kowane tsoho ita ce da wane harshe uwarsa take kiransa. Amma da-na-sani ƙeya ce, ba ta dawo da jirgin da ya tashi. Ina kira ga 'yan'uwana matasa, musamman masu riƙe alƙalami a gaban marasa lafiya, ku ji tsoron Allah cikin abin da kuke rubutawa, domin wani zai yanke hukunci da shi a inda ba kwa gani. Kuma kar kunyar asali ta sa ku toshe kunne ga harshen da aka yi muku goyo da shi. Gwajin mantuwa muka yi a ɗakin nan. Tsohuwa ta tuna kalmominta uku cif, ni ce wadda ta manta.