Ni da Kwanduna Biyu

Shekarar da aka musanya ni, ni ne mafi tsawo a ƙungiyar ƙwallon kwando ta layinmu a unguwar Nima, kuma ni ke zura yawancin ƙwallaye. Kocinmu dillalin kayan mota ne a kasuwar Abossey Okai, Kawu muke ce masa. Shi a wurinsa komai musanya ne: ka kawo tsohon inji, ka ɗauki wani, a yi ciko. To haka ya yi da ni. Ya miƙa ni ga wata ƙungiya ta Maamobi, ya karɓo 'yan wasa biyu gajeru, aka cika masa da sababbin kwanduna biyu na ƙarfe, don namu sun lanƙwashe har ƙwallo na maƙalewa.

Wasan bai dame ni ba, Maamobi ai tsallaken gwata ce, babbar magudanar ruwan da ta raba unguwarsu da tamu. Abin da nake jin tsoron rasawa shi ne bes ɗinmu, bencinan da ke gindin bangon masallaci inda muke shan shayin ataya bayan la'asar, domin ƙungiyar da bes ɗin abu ɗaya ne.

A can aka yi ta shari'ar cinikin, labari na iso ni. Wani tela ya rantse an cuci Kawu. Wasu suka ce gajerun nan suna ba abokan wasa ƙwallo, ni kuwa in ta shiga hannuna sai dai a yi mata addu'a. Wannan kam gaskiya ne. A kakar, Nima ta ci sau ɗaya, Maamobi ta rama, kowa ya riƙe hujjarsa. Yau gwiwata ta tashi aiki, gajerun sun bar wasa tuni, kwandunan kuwa suna nan tsaye. Wallahi Kawu bai faɗi ba.

Amma ranar da na fara karawa da tsofaffin abokaina, da aka tashi na biyo su bes, na zauna inda na saba. Al'adar wurin, baƙo ake fara miƙa wa kofi, 'yan gida su jira. Mai dafa atayar ya cika kofin farko ya dubi Kawu. Kawu ya nuna ni da haɓa.

Na ce, "Haba Kawu, ni ne fa."

Ya ce, "Na gan ka, ɗana. Karɓi, kar ya huce."

Ya yi mini ciwo ƙwarai. Na karɓa na shanye, na yi godiya yadda baƙo ke yi, na tsallaka gwata tun ba a ɗora dahuwa ta biyu ba.